Kotun Ma'aikata ta Ingila da Wa'adin Kai Ƙara

Tun daga watan Fabrairu na 2022, lokacin da Gwamnatin Birtaniya ta buɗe ƙofa ga masu aikin kula da tsofaffi da naƙasassu daga ƙasashen waje, dubban 'yan Nijeriya suka tafi can neman abinci, ban da likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai waɗanda dama sun daɗe suna bin wannan hanya. An rufe waccan ƙofa ga sababbin zuwa a watan Yuli na 2025, amma waɗanda suka riga suka shiga suna can, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida suna da ɗan'uwa ko abokin aiki a cikinsu. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi magana a kan wani al'amari da ya shafe su, watau yadda ma'aikaci yake kai ƙara gaban Kotun Ma'aikata idan an nuna masa bambanci a wurin aiki. A ganinmu dokar ƙasar ta ba ma'aikaci hakki mai faɗi, amma ƙa'idodin kai ƙarar suna iya raba shi da wannan hakki tun kafin alƙali ya ji ta bakinsa, kuma baƙo ne ya fi kowa faɗawa cikin wannan rami.

An kafa waɗannan kotuna ne bisa wata doka ta 1964, da sunan kotunan masana'antu, aka sake musu suna a 1998. Dokar 1976 a kan huldar jinsuna ita ce ta ba wanda aka wulaƙanta saboda launin fatarsa damar zuwa gabansu da kansa, ba sai ya bi ta hannun wata hukuma ba. A 2010 aka tattara dokokin hana wariya aka mai da su doka ɗaya, wadda take aiki a Ingila da Wales da Sikotilan. Ta lissafa abubuwa 9 da aka haramta nuna bambanci saboda su, daga ciki akwai launin fata da asali, da addini, da shekaru, da naƙasa, da zama mace ko namiji, da juna biyu. Ba a bukatar mutum ya daɗe a wurin aiki kafin ya kai irin wannan ƙara. Wanda ya fara aiki jiya yana da hakki, haka ma wanda ya nemi aiki aka hana shi. Kuma doka ba ta ƙayyade iyakar diyyar da za a iya biya ba. Har nan dai babu abin kushewa.

Matsalar tana farawa ne daga lissafin kwanaki. Dokar 2010 ta ba mai ƙara wata 3 daga ranar da aka yi masa abin, kuma yadda ake lissafin, wata 3 ne ba kwana ɗaya. Alal misali, wanda aka hana shi ƙarin girma ranar 10 ga Maris, to, ranar 9 ga Yuni ce ta ƙarshe a gare shi. Idan abin da ake yi masa ya ɗauki lokaci yana ci gaba, ana lissafi daga ranar da aka yi na ƙarshe, amma fa sai ya gamsar da kotu cewa abubuwan a haɗe suke, ba kowanne zaman kansa yake yi ba. Alƙali yana da ikon ya karɓi ƙarar da ta makara idan ya ga adalci ya bukaci haka, sai dai kotunan sama sun sha faɗa cewa a kan mai ƙara ne ya kawo dalili, ba a yi masa wannan rangwame haka kawai.

To, a nan ne tarbiyyarmu take cutar da mu. Mu mutane ne da aka rena a kan cewa mahaƙurci mawadaci, kuma ma'aikacin Gwamnati a ƙasar nan ya saba da rubuta takardar koke ta hannun na gaba da shi, sa'an nan ya zauna ya jira amsa ko da za ta shekara. Wanda ya tafi Ingila da wannan ɗabi'a zai rubuta kokensa ga shugabannin wurin aikinsa, su kira shi zama bayan mako 4, su ba shi amsa bayan wasu makonni, ya ɗaukaka koken, a sake sa masa rana. Duk wannan lokaci kwanakin kotu suna ta ƙarewa, domin koken cikin gida ba ya dakatar da lissafin wa'adi ko da na kwana ɗaya. Kuma ba a ce kada ya yi koken ba: wanda ya ƙi bin hanyar koken cikin gida ba tare da dalili ba, kotu tana iya rage masa diyya har kashi 25 cikin 100, kamar yadda take iya ƙara wa mai wurin aiki kashi 25 idan shi ne ya ƙi bi. Watau lalle ne ma'aikaci ya riƙe igiya biyu a lokaci ɗaya, yana koke a ciki, yana ƙirga kwanaki a waje. Ba mu ce kowane mai wurin aiki da gangan yake jan ƙafa ba, amma babu shakka tsarin ya ba mai son yin haka dama.

Abin da yake dakatar da lissafin shi ne sanar da hukumar sulhu ta Acas. Tun daga watan Mayu na 2014 ya zama wajibi ga kusan kowane mai ƙara ya fara sanar da ita kafin ya je kotu. Hukumar za ta yi ƙoƙarin sasanta ɓangarorin biyu kyauta. Ba a tilasta wa kowa ya yarda da sulhun, amma sai an sami takardar shaida daga gare ta mai ɗauke da lamba, kuma ba tare da wannan lamba ba kotu za ta mayar wa mutum da fom ɗinsa. Da can lokacin sulhun mako 6 ne, daga 1 ga Disamba 2025 aka mai da shi mako 12. Kwanakin da aka yi a hannun Acas ba sa shiga lissafi, kuma wanda ya sanar da ita cikin wa'adi yana da aƙalla wata ɗaya bayan samun takardar. Wanda kuwa ya bari wa'adi ya wuce sa'an nan ya je, zuwan ba zai dawo masa da abin da ya riga ya rasa ba. Haka kuma duk yarjejeniyar da aka ƙulla ta hannun Acas ta ɗaure mutum, ba shi da damar ya karɓi kuɗi yau, gobe ya sake shawara.

A watan Disamba na 2025 aka sa hannu a kan sabuwar dokar hakkin ma'aikata, wadda ta tanadi mayar da wa'adin wata 6, Gwamnatin kuma ta ce wannan sashe ba zai fara aiki kafin Oktoba 2026 ba. Muna maraba da wannan gyara, ko da yake ya makara ƙwarai. Amma shawararmu ga kowa ita ce ya yi lissafinsa da wata 3, har sai ya tabbatar daga Acas ko daga lauya cewa sabon wa'adin ya shafi tasa ƙarar.

Sauran matakan ba su da wuyar ganewa. Mai ƙara ya cika fom mai suna ET1, galibi ta intanet, kotu ta aika wa mai wurin aiki, shi kuma yana da kwana 28 ya ba da amsa a fom ET3. Daga nan a yi zaman share fage, a tsara batutuwan da za a yi shari'a a kansu, a umarci kowane ɓangare ya nuna wa ɗan'uwansa takardunsa da rubutattun jawaban shaidunsa. Ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. An taɓa sa kuɗi a 2013, har fam 1,200 ga mai ƙarar wariya, ƙararraki suka ragu da kusan kashi 70 cikin 100, sai ƙungiyar ƙwadago ta Unison ta kai Gwamnati ƙara, Kotun Ƙoli kuma ta soke kuɗin a watan Yuli na 2017 bisa hujjar cewa sun toshe wa talaka hanyar shari'a. A bisa al'ada kowane ɓangare shi yake biyan lauyansa, amma idan alƙali ya ga wani zargi ba shi da ƙwari yana iya sa mai ƙara ya ajiye har fam 1,000 kafin a ci gaba da shi. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da kwana 42 ya ɗaukaka ƙara, kuma a kan kuskuren doka kaɗai.

Wurin da ya fi kowanne wuya shi ne hujja. Ba a saba samun shugaban da zai rubuta cewa ya hana wane ƙarin girma domin baƙar fata ne ba. Domin haka doka ta ce idan mai ƙara ya kawo abubuwan da za a iya ganin wariya a cikinsu, to, nauyi ya koma kan mai wurin aiki ya kawo wani dalili na daban. Mutane da yawa sun ɗauka wannan ya sauke musu nauyi. Shari'ar da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuli na 2021 ta nuna ba haka ba ne, kuma haifaffen Nijeriya ne ya kai ta. Mutumin yana aikin raba wasiƙu a kamfanin Royal Mail, alhali yana da digiri a fannin kwamfuta, ya nemi aikin ofis da na fasaha a cikin kamfanin fiye da sau 30, bai samu ko ɗaya ba. Shi ya tsaya wa kansa a kotun farko ba lauya, kamfanin kuma bai kawo ainihin mutanen da suka duba takardunsa su ba da shaida ba. Duk da haka ya faɗi a kan wannan ɓangare na ƙararsa, domin bai nuna cewa masu zaɓen sun san asalinsa ko sun yi la'akari da shi ba. Shari'a saɓanin hankali, in ji Hausawa. Duk wanda ya ji labarin zuciyarsa za ta raya masa wani abu, amma kotu ba ta aiki da abin da zuciya ta raya.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, har zuwa 2014 akwai wata takardar tambayoyi da doka ta ba ma'aikaci damar aika wa mai wurin aiki tun kafin shari'a, kuma idan ya ƙi amsawa ko ya yi kwana-kwana kotu tana iya riƙe wannan a kansa. An soke ta a watan Afrilu na waccan shekara da sunan rage wa 'yan kasuwa wahala. Mu kuwa muna ganin kuskure ne babba, domin duk bayanan da ake bukata, wa ya nema, wa aka ɗauka, wa ya yanke shawara, suna cikin akwatin wanda ake ƙara. Abin da ya rage wa ma'aikaci shi ne ya riƙa rubuta kowane abu a ranar da ya faru, da sunan wanda ya yi da waɗanda suka gani, ya adana wasiƙu da saƙonni, ya kuma yi amfani da dokar kare bayanai wajen neman abin da aka rubuta a kansa.

Akwai kuma wata shari'a da ya kamata kowane mai biza ya sani. A 2016 Kotun Ƙoli ta duba ƙarar wasu mata 2 'yan Nijeriya da aka kai su aikatau aka azabtar da su. Kotun ta amince an cuce su, amma ta ce an yi musu haka ne saboda raunin matsayinsu na baƙi masu dogara da biza, wannan kuwa ba ya cikin abubuwa 9 da doka ta lissafa. Ke nan wanda ake ci wa zarafi da barazanar soke masa biza, sai ya nemi shawara tun da wuri a kan sunan da zai ba ƙararsa, domin mai yiwuwa hakkinsa yana ƙarƙashin dokar albashi ko ta lokutan aiki ne. Ga kuma tsoro: bizar aiki a ɗaure take da mai wurin aiki, wanda aka kora galibi kwana 60 ake ba shi ya sami wani ko ya bar ƙasar, alhali shari'ar wariya takan kai shekara ko fiye kafin a saurare ta. Doka ta hana a yi wa ma'aikaci ramuwar gayya domin ya yi koke, amma wannan ma wata ƙarar ce da sai an kai ta, an jira. Diyyar ɓacin rai kuwa, a ma'aunin Afrilu 2025, tana farawa daga fam 1,200, ba ta wuce fam 60,700 sai a shari'ar da muninta ya wuce misali, ban da asarar albashi da ake lissafawa daban.

Ma'aikatanmu na gida kada su ɗauka abin bai shafe su ba. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini ko jinsi ko ra'ayin siyasa, kuma gyara na uku da aka yi wa Tsarin Mulkin a 2010 ya damƙa shari'ar wariya a wurin aiki a hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Mu ma muna da tsohuwar dokar kare jami'an Gwamnati mai wa'adin wata 3, wadda hukunce-hukuncen kotuna suka saɓa wa juna a kan ko ta shafi rikicin ma'aikaci da ma'aikatarsa. Kamata ya yi Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta warware wannan da kanta.

Muna kira ga Ofishin Jakadancin Nijeriya a Landan da Hukumar Kula da 'Yan Nijeriya Mazauna Ƙasashen Waje da su buga waɗannan ƙa'idodi a taƙaice, cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da Turanci, su raba su ta hannun masallatai da majami'u da ƙungiyoyin ɗalibai. Takarda ɗaya ta isa: ranar da wa'adi yake cika, lambar wayar Acas, da gargaɗin cewa koken cikin gida ba ya dakatar da lissafi. Waɗanda suke can kuma su shiga ƙungiyar ƙwadago tun watan farko na aiki, domin ƙungiyoyin galibi ba sa ba da lauya a kan rikicin da ya fara kafin mutum ya zama ɗan ƙungiya.