Mu Ma Ɗalibai Ne: Kukan 'Yan Karatun Yamma

Idan ka tsaya a bakin get ɗin makarantar nan da misalin ƙarfe huɗu na yamma, za ka ga ayari biyu suna saɓawa. Na farko fita yake yi: ma'aikata sun rufe ofis, ɗalibai sun rataya jaka, kowa na neman adaidaita sahu. Na biyu kuwa a lokacin yake shigowa. Wani da rigar aiki a jikinsa, wata da goyo a bayanta, wani ko ƙurar kasuwa bai samu ya wanke ba. Ni a ayari na biyun nake, kuma a madadinsu nake wannan magana.

Mu ne 'yan karatun yamma da na ƙarshen mako. A cikinmu akwai malaman firamare, da ma'aikatan asibiti, da masu shago, da matan aure da suka dawo karatu bayan shekaru. Difloma ta ND da ɗalibi na cikakken lokaci ke gamawa a shekara biyu, mu yawanci sai mun yi uku. Lakcar da muke samu ba ta da yawa, don haka rabin karatunmu mu kaɗai muke yi: daga takardun da malami ya raba, sai saƙon murya a WhatsApp, sai fitilar waya bayan yara sun yi barci. Kowa da saurinsa, kowa da lokacin da ya samu. Ba mu ƙi wannan ba, mu muka zaɓa. Abin da ke mana ciwo shi ne an ɗauka tunda mu ke jan karatunmu da kanmu, to ba ma bukatar kowa.

Ku duba risit ɗinmu. Akwai kuɗin laburare, akwai na asibiti, akwai na wasanni, ga kuma na ƙungiyar ɗalibai. Duk mun biya, ba a ɗage mana ko sisi ba. Amma lokacin da muke isowa, laburare na shirin rufewa, ofisoshi kuma sai kwaɗo. A zangon da ya wuce, sau uku ina neman izini a wurin aiki don a sa mini hannu a fom ɗin rajista. Ran farko mai sa hannun ya tafi taro. Rana ta biyu na iso huɗu saura minti goma, aka ce an tashi. Kowane zuwa sai an cire mini wani abu daga albashi. Wata 'yar ajinmu kuma gwaji ne ya wuce ta, saboda an dawo da shi baya, aka liƙa sanarwa a allo da safe, ita ko tana wurin aiki. Yanzu tana ɗauke da kwas ɗin, ba don ba ta iya ba. Wallahi ranar da ta ga sakamako, zama ta yi a baranda ta yi ta kuka.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne rashin mai ba da shawara. Misali ɗaya ya isa. Wanda ya gama karatu ta hanyar wucin gadi, hukumar NYSC ba ta tura shi bautar ƙasa, takardar keɓewa take ba shi. Ga ma'aikacin da ya manyanta, wannan ba komai ba ne. Amma ga yaro ɗan shekara 20 da ya shigo wannan tsarin don bai samu gurbi a na safe ba, magana ce babba, kuma ya kamata a zaunar da shi a faɗa masa tun kafin ya biya kuɗi. Da yawa a bakin abokai suke jin labarin, bayan tafiya ta yi nisa. Haka batun SIWES: wanda yake aiki, wurin aikinsa zai iya zame masa wurin horo ko a'a? Sai ka tambayi mutum uku ka samu amsa uku.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ɗalibi ba. A Amurka akwai makarantun da suke kira kwalejojin al'umma, na shekara biyu, kusan kamar ND ɗinmu. Ɗalibansu da yawa ma'aikata ne da masu iyali, kuma sun daɗe suna fama da matsalar shiga da yawa, gamawa kaɗan. A 2007 jami'ar birnin New York, wato CUNY, ta ƙaddamar da wani shiri mai suna ASAP a kwalejojinta. Ba sababbin azuzuwa suka gina ba. Sun ba ɗalibi katin shiga jirgin ƙasa da bas kyauta, da littattafai, suka cike masa giɓin kuɗin makaranta, sannan suka haɗa shi da mai ba da shawara da dole su riƙa ganawa a kai a kai. Da cibiyar bincike ta MDRC ta auna, ta samu kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ke shirin sun gama cikin shekara uku, sauran kuma kashi 22. Gaskiya ne shirin ya sharɗanta wa ɗalibi karatu na cikakken lokaci, kuma su suna da kuɗin da ba mu da shi. Amma darasin a fili yake: ba wahalar lissafi ke korar ɗalibi ba, kuɗin mota ne, da rashin wanda zai tambaye shi "ina ka shiga?"

Na san abin da za a ce. Ma'aikata ma mutane ne, suna da gidaje, ba za su kwana a ofis ba. Ga kuɗin man janareta, ga tsaro da dare. Duk gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce a buɗe makaranta har asuba. Amma makarantar da ta iya shirya malamai su koyar da yamma, ta iya karɓar kuɗinmu a kan lokaci, ba za ta kasa shirya ma'aikaci ɗaya ya shigo da rana ya tashi da daddare ba. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Don haka ga abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyarmu su kai gaban hukumar makaranta, a rubuce, ba a baki ba.

Na farko, a samu tebur guda da zai riƙa aiki har ƙarfe bakwai ko da kwana biyu ne a mako, da kuma safiyar Asabar, inda za a sa hannu a fom, a karɓi koke, a gyara matsalar sakamako.

Na biyu, ɗakin karatu ɗaya a laburare ya kai ƙarfe tara, da fitilar sola da wurin cajin waya. Asibitin makaranta kuma a bar ma'aikacin jinya ɗaya matuƙar akwai aji a ciki.

Na uku, duk canjin lokacin gwaji ko jarabawa a turo shi ta waya, a kuma ba da tazarar kwanaki. Mai aiki ba ya iya neman izini da safe ya samu da rana.

Na huɗu, kowane sashe ya naɗa malami ɗaya mai kula da mu, a san ranarsa da sa'arsa, kuma a yi wa sababbin shiga taron wayar da kai ranar Asabar.

Na biyar, wannan na ƙungiya ne kai tsaye: a ba mu kujera a majalisar ɗalibai, a kuma bar akwatin zaɓe a buɗe har mu iso. Lokacin kamfen kowa ya san ajinmu. Bayan rantsuwa fa?

Ku kuma 'yan uwana na safe, kada ku ga kamar wannan ba ta shafe ku ba. Bayan ND akwai shekarar horo a wurin aiki. Wasunku za su samu aiki a nan, wasu za su yi aure, wasu nauyin gida zai hau kansu. Idan za ku dawo HND, da yawanku ta ayarin ƙarfe huɗu za ku dawo. Laburaren da aka bari a buɗe saboda mu, ku ma za ku yi karatu a cikinsa daren jarabawa.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna son makarantar nan, shi ya sa muke kwaso gajiyar yini guda mu zo mu zauna a benci. A zaman majalisar ɗalibai mai zuwa, muna so mu ji an karanta waɗannan buƙatu biyar. In Allah Ya yarda za mu zo, amma don Allah a sa zaman bayan la'asar.