A DATSE WA AGWAGWA GASHI, KO A YANKE MATA FIFFIKE?

A wannan mako ina so in yi magana a kan wani abu da waɗansu za su ce ƙarami ne, alhali kuwa ya kan ɓata zaman maƙwabta, watau tashin agwagwa.

Agwagwan nan da mu ke kiwo a gidajenmu, mai jan tsiro a fuska, asalinta daga Kudancin Amurka ne, can kuwa 'yan'uwanta na daji a kan itatuwa su ke kwana. Toro in ya ƙasaita nauyi ya kan hana shi tashi sosai. Amma macen, da zarar ta kai kamar wata 3, sai ta haye katanga, ta faɗa wa shanyar hatsin maƙwabci, ko kuwa ta sauka inda wuƙar wani ta ke jiranta. Saboda haka tilas ne mai ita ya hana ta tashi. Hanyoyin kuwa biyu ne.

Ta farko ita ce a yanke gaɓar ƙarshe ta fiffike ɗaya, da ƙashi da nama, tun tana 'yar kwanaki da ƙyanƙyasa. Wadda aka yi wa haka ta rabu da tashi ke nan har mutuwarta. Ta biyu ita ce a sa almakashi a datse dogayen gashin nan 10 da su ke bakin fiffike. Gashin da ya gama girma ba shi da jini, ba ya jin zafi, datse shi daidai ya ke da aski ko yankan farce.

Masu son ta farko su kan ce, ai sau ɗaya a ke yi a huta, gashi kuwa sake tsirowa ya ke yi. Gaskiya ne. Agwagwa ta kan zubar da gashin fukafukanta kamar sau ɗaya a shekara, sabo ya fito, a sake datsewa. To, jama'a, ku duba fa. Aikin da bai fi minti 5 ba a shekara, shi ne za mu guda har mu naƙasa dabbar da ke ci daga hannunmu? Ni dai a ganina wannan ƙyuya ce kawai. Bayan haka yankan gaɓa rauni ne, yana zub da jini, yana iya ruɓewa ya kashe ta. A Ingila ma doka ta hana a yi wa tsuntsayen gona haka. Sauran tsuntsaye kuwa sai likitan dabbobi ne zai yi, in tsuntsun ya kai kwana 10 sai an ba shi maganin kashe zafi.

Ga yadda ni ke yi wa tawa. Wani ya riƙe ta, ni kuwa in buɗe fiffiken, in datse dogayen gashin daidai inda gajerun da ke rufe su suka tsaya. Fiffike ɗaya kaɗai a ke datsewa, don in ta yunƙura ta karkace gefe guda, gama in an datse duka biyu daidai wa daida sai ta iya ɗagawa. Kafin a sa almakashi a duba gindin gashin. In ya yi duhu, jini ke ciki, bai gama girma ba, sai a dakata. Kada kuma a fige, domin figa tana da zafi, kuma sabo ba ya daɗewa ya ke fitowa.

Saura magana ɗaya, ita ce ma babba. Fiffike shi ne makamin agwagwa, da shi ta ke tsere wa kare da muzuru da tunku. Duk wanda ya karɓe mata shi, tsaronta ya hau kansa. Sai ya yi mata akurki mai ƙofa, ya rufe ta kowane dare, ya ajiye mata ruwa da abinci a gida don kada ta fita yawon nema a ƙafa. Wanda ba zai iya wannan ba, gara ya haƙura da kiwonta.

Ina roƙon malaman makaranta su nuna wa yara yadda a ke datsewa, gama su ne masu kiwon nan a yawancin gidaje.

Wasalam, sai wani mako.

Naku,
Akawu Mai Kiwo