Babu BAC, ina za ka da fasfo?

Ƴan uwa, bara ɗan kawuna ya faɗi BAC karo na biyu. Kunya ta hana shi ko fita ƙofar gida. Sai wani dillali ya ce masa: "Bar wahalar nan, akwai jami'a a waje, BEPC ma ya isa." Kawu ya saida gona da shanu biyu. Sai da yaron ya shekara can kana ya gane takardar da za a ba shi ba ta da amfani a Nijar.

Mu faɗa wa juna gaskiya. Jami'o'in Faransa BAC suke tambaya ko abin da ya yi daidai da shi. Hanyoyin halal ga marar BAC akwai su, amma ƴan kaɗan ne: DAEU a Faransa, wanda shi ma karatu ne da jarrabawa, ko Open University ta Ingila, karatu daga nesa mai tsada. Ba ɗaya da ke bi ta hannun dillali.

Kafin ka biya ko dala, tambaya: gwamnatin ƙasar ta san makarantar? CAMES, mai mazauni a Wagadugu, ta amince da diplom ɗinta? In ka dawo za ka iya shiga konkur da shi?

Ƙanena, faɗuwa BAC ba mutuwa ba ce. Sake zama a matsayin kandida libir. Shekara guda ta fi gonar gado arha.

Hukumomi kuma, har yaushe za ku zuba wa dillalan nan ido?