Kafin A Sayi Babban Talabijin, A Fara Auna Ɗaki

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan lantarki a 'yan shekarun nan zai lura cewa akwatin talabijin ɗin nan mai ƙaton ƙeya ya ɓace. An maye gurbinsa da shafaffen gilashi wanda ake ratayewa a bango kamar allon aji, har sunan akwati ma ya daina dacewa da shi. Mai saye kuwa yakan shiga shago ne da tambaya guda a bakinsa: "Inci nawa ne?" In aka ce 65 sai ransa ya yi fari, in aka ƙara da cewa 4K ne, ciniki ya faɗa. A nawa ra'ayin wannan kuskure ne mai tsada, domin kuɗin irin wannan talabijin ya kai albashin watanni ga malamin makaranta. Tambayoyin da suka fi muhimmanci a gida ake amsa su, da tef ɗin tela da ɗan lissafin da ɗalibin sakandare ya riga ya koya a aji.

Bari mu fara da incin kansa. Ba faɗin allon ake aunawa ba, daga kusurwar ƙasa ta hagu ake jan awon zuwa kusurwar sama ta dama. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma allon zamani yana da faɗi kashi 16 a kan tsayi kashi 9. Ɗalibin da ya san ƙa'idar Pythagoras zai ninka 16 da kanta ya sami 256, ya ninka 9 da kanta ya sami 81, ya haɗa su su zama 337, wadda tushenta ya kai kimanin 18.36. Da wannan zai gano cewa talabijin mai inci 55 faɗinsa kusan santimita 122 ne, tsayinsa 68 da rabi, mai inci 65 kuma faɗinsa kusan 144. Abin lura a nan shi ne filin allon yana ƙaruwa fiye da yadda lambar take nunawa. Mai inci 65 ya ɗara mai 55 da kusan kashi 40 cikin 100, ya kuma ninka mai 43 fiye da sau biyu. Duk wannan fili sai an haskaka shi, hasken kuma da wuta ake yin sa.

To, wane girma ne ya dace da ɗaki? Masana harkar fina-finai sukan ba da shawarar allon ya cike kimanin digiri 30 na abin da idon mai kallo yake gani. In aka juya wannan zuwa lissafi mai sauƙi, sai a auna nisan da ke tsakanin wurin zama da bango da santimita, a raba da 4. Nisan santimita 220 zai ba da inci 55, nisan 260 zai ba da 65, ƙaramin falo mai nisan 170 kuwa inci 43 ya ishe shi. Kada mai karatu ya ɗauka ina adawa da babban allo ne. Wanda falonsa ya kai mita uku yana da hujjarsa. Wanda nake ji wa shi ne mai ɗaki ciki da falo da zai kinkimo inci 75, ya zauna a gabansa yana waiwaye hagu da dama kamar mai shirin tsallaka titi.

Sai batun 4K, inda nake ganin an fi yi wa jama'a rufa-ido. Hoton talabijin an gina shi ne da ƙananan ɗigogin haske a jere. Allon da aka rubuta wa Full HD yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato miliyan biyu da 'yan kai. Na 4K yana da 3,840 da 2,160, wato sama da miliyan takwas. Amma idon ɗan Adam yana da iyaka. Allon gwajin idon nan na asibiti mai haruffa manya da ƙanana, wanda likitan ƙasar Holan Herman Snellen ya ƙirƙiro a 1862, an gina shi ne a kan cewa lafiyayyen ido yana rarrabe abin da girmansa ya kai kashi ɗaya cikin sittin na digiri guda. Abin da ya gaza haka narkewa yake yi cikin na kusa da shi. A allon inci 55 na Full HD, kowane ɗigo bai wuce kashi biyu cikin uku na milimita ba, kuma da an ja baya kamar mita biyu da 'yan kai ido ya daina ganinsa shi kaɗai. Ke nan daga wannan nisa zuwa baya, ƙarin ɗigo miliyan shida ɗin nan na 4K kusan ba ya isa ga ido. A shago kuwa, mai saye yana tsaye ne taku ɗaya daga allon, shi ya sa bambancin yake ɗaukar masa hankali.

Gaskiya ne akwai masu kaifin ido fiye da awon Snellen, musamman yara, kuma yawancin manyan talabijin yanzu da 4K suke zuwa ko an so ko ba a so ba. Saboda haka ba na cewa a guje shi. Ina dai cewa kada a ƙara ko kwabo domin wannan lamba, balle 8K mai ɗigo sama da miliyan 33. Hasali ma, allo ba ya nuna abin da ba a aiko masa ba. Tashar da ke watsa hoto a kan tsohon ma'auni mai layi 576 za ta fito a dusashe, kuma girman allon ƙara tona asirinta yake yi. Hoton furanni da tsuntsayen da ake kunnawa a shago an tanade shi ne musamman domin talla. Mai saye ya nemi a kunna masa irin tashar da zai riƙa kallo a gida.

Akwai kuma rikicin sunaye. Abin da ake kira talabijin LED, a haƙiƙa LCD ne. A cikinsa akwai wani sinadari mai gudana kamar ruwa alhali ƙwayoyinsa a jere suke, wanda masanin tsirrai na ƙasar Ostiriya Friedrich Reinitzer ya fara lura da irinsa a 1888. Wannan sinadari ba ya haske da kansa, aikinsa kamar na labule ne, ya buɗe ko ya rufe wa hasken fitilun da ke bayansa hanya. Fitilun su ne LED, kuma farin haskensu ya samu ne albarkacin shuɗiyar fitilar da ta jawo wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. Na OLED daban yake, kowane ɗigo shi ke haska kansa, don haka baƙinsa baƙi ne wuluk, sai dai tsada. Na filasma kuwa manyan kamfanoni sun daina ƙera shi tun 2014, duk wanda aka tallata wa shi ya san tsohon kaya ne, ga zafi ga shan wuta.

Me ya sa wannan bayani ya shafe mu? Saboda yadda muke zama. A gidajenmu ba mutum biyu ne ke kallo daga kujera guda ba. Maigida na kan kujera, yara na ƙasa a kan darduma, wasu na raɓe a bakin ƙofa. Labulen nan na LCD iri biyu ne suka fi yawa. Nau'in VA yana da kyawun baƙi ga wanda ya fuskance shi, amma launinsa yana koɗewa ga na gefe. Nau'in IPS baƙinsa bai kai na wancan ba, sai dai launinsa yana tsayawa ko daga gefe aka kalla. Gida mai jama'a na biyun ya fi dacewa da shi. Gwajin ba ya bukatar sanin waɗannan haruffa: a matsa gefen allon a shago, sannan a durƙusa, a duba ko fuskokin mutane sun canja launi.

Wuta ita ce ƙarshen magana a wurinmu, kuma ita aka fi mantawa. A bayan kowane talabijin akwai takarda mai nuna wat nawa yake sha. A ninka wannan da awoyin kallo. Misali, in an rubuta wat 120 kuma ana kallon awa biyar, an sha 600 ke nan a dare guda. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, amma in irin mai dalma ne, rabi kawai ake so a zuƙe don kada ya mutu da wuri. Talabijin kaɗai ya cinye rabin abin da ya kamata a raba da fanka da fitilun karatun yara. Rage hasken allon daga yanayin shago zuwa na gida yana rage wannan sosai. A kuma ware kuɗin sitabilaiza da na'urar kare tartsatsin wuta tun cikin kasafin sayen, domin dawowar wuta da ƙarfi sau ɗaya ta isa ta ƙona allon lantarkin da ke ciki, gyaransa kuwa ba irin na tsohon akwati ba ne da kowane mai gyaran rediyo ke iyawa.

In an kawo shi gida, a rataye shi yadda tsakiyarsa za ta yi daidai da idon wanda ke zaune, kada a kai shi can kusa da silin inda wuya zai ƙage. A bar masa sarari a baya domin iska, a riƙa share ƙurar hunturu daga ƙofofin iskarsa da busasshen ƙyalle mai laushi. Inda akwai yara masu rarrafe, ƙarfen bango ya fi ɗora shi a kan tebur, domin shafaffen allo mai siraran ƙafafu ba ya bukatar ja mai ƙarfi kafin ya rikito.