Gobero da Dufuna: Abin da kufan mafarauta ke faɗa game da Sahara

A duk lokacin da shugabannin ƙasashen yankin Tafkin Chadi suka zauna kan batun ƙafewar ruwa da kwararowar hamada, akan ɗauko lissafin ne daga shekarun 1960, lokacin da faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Sai dai wasu wurare biyu, ɗaya a Nijar ɗaya a Najeriya, sun nuna cewa labarin ya girmi haka da dubban shekaru.

Na farko shi ne Gobero, a hamadar Tenere da ke jihar Agadez. A shekarar 2000 ne wata tawaga ƙarƙashin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ta Amurka ta ci karo da shi, tana neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe. Sakamakon da aka bayyana a 2008 ya nuna kaburbura kimanin 200 a gaɓar wani tafki da ya ƙafe.

Mutanen farko da suka zauna a wurin, kusan shekaru 9,700 da suka wuce, ba su san noma ba. Kamun kifi da farauta da tsintar 'ya'yan itatuwa ne abincinsu. An tarar da masun da suka sassaƙa da ƙashi, da tukwanen yumɓu, da ƙasusuwan giwan ruwa da dorina da kada, a inda yau ko ciyawa ba ta fitowa.

Zama ba tare da gona ba

An daɗe ana ɗaukar cewa mafarauta ba su da mazauni, sai inda dare ya yi musu. Maƙabarta mai ɗaruruwan kaburbura ta nuna akasin haka, domin jama'ar da ke binne matattunta a wuri guda tsawon ƙarnoni ta ɗauki wurin a matsayin gida. Ruwa da kifi ne suka zaunar da su.

Shi ya sa da fari ya auku kimanin shekaru 8,200 da suka wuce, suka watse, wurin ya zama kufai na kusan shekaru 1,000. Da ruwa ya dawo, wata al'umma ta daban ta zo. A zamaninta ne aka binne wata mata da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe. Su ma sun tashi da hamada ta yi galaba, shekaru 4,500 da suka gabata.

Wuri na biyu shi ne ƙauyen Dufuna na ƙaramar hukumar Fune a jihar Yobe, inda a 1987 wani makiyayi mai haƙa rijiya ya tono kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt ta Jamus sun gano cewa ya kai shekaru 8,000, abin da ya sa ya zama jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka.

Darasi da barazana

Masana sun danganta damshin wancan zamani da sauyin yadda duniya ke karkata wajen zagaya rana, wanda ya tura damina can cikin Sahara. Ɗumamar yanayi ta yau kuwa hayaƙin masana'antu ne babban sanadinta, saboda haka bai dace a haɗa su a ma'auni ɗaya ba. Amma sun yi tarayya a abu guda: idan ruwa ya janye, mutane kan bi shi. Mutanen Gobero sun tarar da fili a gabansu, alhali masunta da makiyayan yau iyakokin ƙasashe da gonaki da 'yan bindiga ne ke tare musu hanya.

Su kansu kufan suna cikin haɗari. Iskar da ta yaye rairayi ta tono kaburburan Gobero ita ce ke niƙe ƙasusuwan. Tawayen Abzinawa na 2007 zuwa 2009 ya katse aikin bincike a arewacin Nijar, rikicin Boko Haram kuma ya hana masana sakat a Borno da Yobe. Duk kabarin da iska ko ɓarawon kayan tarihi ya riga masana isa gare shi, abin da ke ciki ya tafi ke nan, domin mutanen ba su bar rubutu ba.