Benen katako mai hawa 25: me dokar gobara ke cewa?

A birnin Milwaukee na ƙasar Amurka akwai wani bene mai suna Ascent da aka gama a 2022. Hawa 25 ne, tsayinsa ya kusa mita 87. Hawa shida na ƙasa da ramin matakala siminti ne, amma sauran, ginshiƙai da daɓe, duk katako. Kafin shi ƙasar Norwe ta gina nata mai hawa 18 a 2019. Mu da ba mu manta da gobarar azuzuwan zana ta Yamai da ta Maraɗi a 2021 ba, tambayarmu ɗaya ce: in wuta ta tashi fa?

To, ba katakon kafinta ba ne. Alluna ake jerawa, wannan a tsaye wannan a gicciye, a manne su da gam a matse, har su zama bango mai kaurin gaske. Duk mai girki ta san kara yana cinyewa nan take, gungume kuwa sai ya kwana yana ci. Bayansa ke zama gawayi, gawayin ya tsare cikin. Injiniyoyin Turai sun auna abin: wuta na cin kamar milimita 0,65 a minti, wato wajen santimita 4 a awa guda. Sai su ƙara wa ginshiƙi kauri daidai abin da wuta za ta ci. Ƙarfe ba ya kamawa, gaskiya ne, amma da zafi ya kai digiri 600 ya riga ya rasa kusan rabin ƙarfinsa.

Da wannan lissafi Amurkawa suka sake babban kundin dokar gininsu a 2021. An yarda da hawa 9, da 12, har 18, kowanne da sharaɗinsa. Mai hawa 9 ana iya barin katakon a fili. Mai hawa 18 kuwa tilas a lulluɓe katakon gaba ɗaya da allunan jipsum da ba sa kamawa, ginshiƙan su jure wuta awa 3, a kuma sa bututun da ke fesa ruwa da kansu. Kakanninmu ma da suka yi rufin soro ai laka suke bi da ita a kan azara. Shi Ascent ya zarce wannan iyaka, sai da aka sa ginshiƙansa cikin wutar gwaji ta awa 3 kafin hukumar birnin ta ba da izini.

Ingila kuwa baya ta ja. Bayan gobarar benen Grenfell na Landan a watan Yunin 2017, wadda ta kashe mutum 72, gwamnati ta hana sa duk abin da ke kamawa a bangon waje na gidajen kwana da suka wuce mita 18. Abin lura, Grenfell na siminti ne, rufin ado mai roba a ciki da aka manna masa shi ya kai wutar sama. Amma dokar ta 2018 ta haɗa har da katako.

Wa ke da gaskiya? A ganinmu Ingila ta yi gaggawa, amma tsoronta ba na banza ba ne. A ɗakin siminti, in kujeru da katifu suka ƙone, wuta ta rasa abinci. A ɗakin katako bangon kansa abinci ne. Kuma ga maganar gam. A wasu gwaje-gwaje an ga zafi na sassauta shi, allon da ya zama gawayi ya faɗo, sabon katako ya fito fili, wutar da ta fara mutuwa ta sake tashi. Shi ya sa tun 2018 ƙa'idar Amurka da Kanada ta ce sai gam mai jure zafi. Mai haya a hawa na 15 ba ya da yadda zai san wane gam aka sa masa, ko an toshe ramukan da waya da bututu suka ratsa. Dogaronsa kacokan kan jami'in da ya duba aikin ne, da famfon da zai tura ruwa sama ko da an ɗauke lantarki, don tsanin ƴan kwana-kwana ba ya kai wa can. Ƙasar da ba ta da waɗannan, ko ta kwafi dokar Amurka shafi-shafi, takarda kawai ta kwafa.

Akwai kuma lokacin da babu jipsum, babu ruwan feshi, babu ƙofofin tsare hayaƙi: lokacin da ake cikin aikin. A watan Satumban 2014 wani ɗakin bincike na katako da jami'ar Nottingham ta Ingila ke ginawa ya ƙone ƙurmus tun ba a shiga ba. An yi sa'a ba a rasa rai ba. Dokar kashe gobara ta Amurka yanzu ta ce a dogayen benayen nan, da aiki ya wuce hawa shida, dole a riƙa lulluɓe hawan da ke ƙasa kafin a ci gaba da ɗora na sama.