Zauren Anti: Daga Alli Zuwa Allura

   

A cikin wasiƙun da suka iso mini wannan karon akwai guda ɗaya da na karanta har sau uku. Wata baiwar Allah ce ta rubuto, malamar firamare, shekarunta talatin da ɗaya, 'ya'yanta uku, kuma shekara takwas ke nan tana riƙe da alli. Ta ce tun lokacin da ta yi zaman jinyar mahaifiyarta a asibiti, ta ga yadda wata nas take juya tsohuwar nan a hankali kamar uwar da ta haife ta, zuciyarta ta kamu da son aikin jinya. Maigidanta bai hana ba, amma bai ce to ba. Ƙawayenta kuwa dariya suka yi mata, wai tsofai-tsofai da ita za ta koma benci ɗaya da sa'o'in ƙannenta. Tambayarta ɗaya ce: shin ta makara?

To Malama, amsa ita ce ba ki makara ba. Sai dai ni ba zan shafa miki zuma a baki ba, domin wannan hanyar na bi ta da ƙafata, na san ramukanta. Abin da na ga yana kayar da manyan mata a makarantar jinya rashin shiri ne, shekaru kuwa ban taɓa ganin sun kayar da kowa ba.

Bari na fara ba ki labarin wata da ta riga ki. Kofoworola Abeni Pratt 'yar Legas ce, kuma malamar makaranta ce kamar ki, ta koyar a makarantar 'yanmata kafin ta yi aure. Tun tana yarinya take son aikin jinya, mahaifinta bai yarda ba. Sai a 1946, bayan ta haura shekara talatin, da aurenta da ɗanta, ta shiga makarantar jinya ta asibitin St Thomas da ke Landan, wadda Florence Nightingale ta kafa a 1860. Ta dawo gida a 1954. A 1964 ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta shugabanci nas-nas a asibitin koyarwa na Ibadan, a 1965 kuma ta zama babbar jami'ar jinya ta ƙasa baki ɗaya. Ta rasu a 1992. Da ta saurari masu cewa lokaci ya wuce, da yau ba mu san sunanta ba. Hausawa dai sun gama magana, gemu ba ya hana ilimi.

Yanzu sai mu zo kan shirin. Abu na farko, ki ɗauko takardar sakamakonki ta sakandare ki duba ta da kyau. Ana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks, kuma a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Nan ne mata da yawa suke cin tuntuɓe, musamman waɗanda ba ajin kimiyya suka yi ba. Idan kina cikinsu kada ki karaya. WAEC da NECO duk suna shirya jarrabawa ta waɗanda suka riga suka bar makaranta. Ki nemi mai koya miki da yamma, ki ba kanki shekara guda cur. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Abu na biyu, ki san ƙofar da za ki ƙwanƙwasa. A zamaninmu shekara uku muke yi mu zauna jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ita ce ke ba da lasisin aiki. Yanzu makarantu da dama sun koma kwalejoji, ana shiga ta hanyar JAMB, a yi ƙaramar difloma shekara biyu, babba shekara biyu. Akwai kuma digiri na shekara biyar a jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya. Kafin ki sayi fom, ki karanta sanarwar makarantar tun daga sama har ƙasa, domin wasu sukan sa iyakar shekaru. Sannan ki tabbatar hukumar nan ta amince da makarantar. Makarantar da ba ta da amincewa, ko shekara goma kika yi a cikinta, zanen da kika ɗaura ya fi takardarta amfani.

Abu na uku, kada ki yi saurin ajiye aikinki. Ki jira takardar shiga ta zo hannunki, sannan ki nemi hutun ƙaro karatu a wurin aikinki. Ki yi lissafin kuɗin makaranta, da littattafai, da yunifom, da kuɗin mota zuwa asibiti, ki fara adashi tun yau. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Abu na huɗu, kuma shi ne ya fi nauyi, gidanki. Watannin farko na makarantar jinya rariya ce, ana tankaɗe ɗalibai, wadda ta faɗi ta kwashi kayanta. Za ki haddace ƙasusuwan jikin mutum 206 da sunayensu, ki san yadda jini ke zagayawa, ki iya awon zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini. Bayan nan sai zuwa ɗakin majinyata, da aikin safe, da na rana, da na dare. To wa zai riƙe miki yara ranar da za ki kwana a asibiti? Wa zai dafa na rana? Wannan ba maganar da za a bari sai an shiga ba ce. Ki sami maigidanki a lokacin da ransa yake sanyi, ki faɗa masa gaskiyar wahalar, kada ki ɓoye masa komai don ki sami izini, domin iznin da aka samu da ɓoye-ɓoye ba ya kai shekara. Ki je wa surukarki da ladabi ki nemi albarkarta. Idan ta ɗaure miki gindi, rabin aikin ya ƙare. Kuma ki sani matar aure a makarantar jinya ba baƙon abu ba ne a Arewa. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da shirin Women for Health a jihohi irin su Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, wanda ya taimaka wa matan karkara, har da masu aure da goyo, suka cike gurbin darussan kimiyya suka shiga makarantun lafiya.

Saura batun kunyar zama da yara. A nan sai na tona wa kaina asiri. A ajinmu akwai wata da ta girme mu nesa ba kusa ba, tela ce kafin ta zo, muna kiranta Maman Aji, mu yi ta ƙus-ƙus muna dariya idan ta yi tambaya. A jarrabawar farko da ƙyar ta sha. Amma ranar da aka fara kai mu ɗakin majinyata sai labari ya sha bamban. Aka ce na wanke wa wata tsohuwa gyambo, ina buɗe bandeji jiri ya kwashe ni. Maman Aji ce ta karɓa, tana wankewa tana yi wa tsohuwar hira, tana kiranta Iya, har aka gama ba ta ko yi tsaki ba. Wadda ta yi goyo, ta kwana ba barci a kan ɗa mai zazzaɓi, ta zo da wani ilimi da babu shi a littafi. Tun daga ranar muka koma muna koya mata Kimistiri, ita kuma tana koya mana haƙuri. Wallahi har yau ina jin kunyar dariyar da na yi mata.

Amma fa Malama, sai kin ajiye girman kai a bakin ƙofa. Ke da yara suke miƙe miki idan kin shiga aji, yanzu wadda ba ta kai ƙanwarki ba za ta ce ki je ki gyara gado, ki zubar da fo. Ki ce to, ki yi. Wanda bai sha ɗaci ba, ba ya sanin zaƙi.

Ku kuma ƙannena da kuke sakandare, wasiƙar nan taku ce fiye da kowa. Na san wasunku suna gudun ajin Fiziks da Kimistiri, suna cewa ai aure za su yi. Aure alheri ne, Allah Ya ba kowacce nagari. Amma kiredit biyar ɗin nan ba sa ruɓewa, ba sa tsufa. Ku same su ku adana a ƙasan akwati, wata rana za ku gode mini. Ku tuna iyayenmu mata nawa ne suke ƙin zuwa asibiti don ba su sami mace 'yar'uwarsu da za ta duba su ba.

Malama, ina jiran wasiƙarki ta biyu, wadda za ki ce mini kin yi rajistar jarrabawa. Allah Ya yi miki jagora, Ya sa maigida ya ce to. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum,
Anti